Sharhi: Fodkas ya iso ƙauye ta wayar ɗan ci-rani, to wa ke zaɓa mana abin da muke ji?

Cikin ƙasa da shekaru biyu, manyan tashoshi uku na ƙasashen waje masu magana da Hausa sun yi shiru a zangon FM na Nijar, kowace da nata dalili. Ranar 3 ga watan Agustan 2023, mako guda bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, hukumomin Yamai sun dakatar da RFI da France 24. Ranar 12 ga Disamban 2024 aka dakatar da BBC na tsawon watanni uku, aka kuma umarci gidajen rediyon da ke kama shirye-shiryenta su tsaya. A tsakiyar watan Maris na 2025 kuma, Muryar Amurka ta yi tsit daga can gida, bayan shugaba Donald Trump ya sa hannu kan takardar rage hukumar da ke ɗaukar nauyinta.

Wanda ya saba da safiya ya kunna akwatinsa ya san girman wannan giɓi. BBC Hausa tun 1957 take magana, Muryar Amurka da Hausa tun 1979, RFI Hausa tun 2007. Amma kunne ba ya zama haka nan. Mutane da yawa sun koma kan salula, kuma abin da suke samu a can shi ne shirye-shiryen murya da ake kira fodkas, ko guntayensu da ake turawa ta WhatsApp. Tambayar da wannan sharhi ke son dubawa ita ce: tunda babu jadawali babu mai gabatarwa da ke cewa "ga shiri na gaba", ta yaya mutum ke gano shiri mai kyau, kuma wane nauyi ne ke kan wanda ya ce wa ɗan uwansa "saurari wannan"?

Mene ne fodkas ɗin?

A taƙaice, shiri ne irin na rediyo da aka naɗa aka ajiye a intanet, kashi-kashi, wanda mutum zai sauko da shi cikin wayarsa ya saurara lokacin da ya ga dama. Rediyo idan ka makara ya wuce ka. Fodkas kuwa yana jiranka: kana iya tsayar da shi ka tafi salla, ka dawo ka ci gaba, ko ka maido baya idan wata magana ta kuɓuce maka.

Kalmar ta fito ne a 2004 a jaridar Guardian ta Ingila, daga sunan na'urar sauraren waƙa ta iPod da kalmar Ingilishi mai nufin watsa shiri. A 2005 kamfanin Apple ya buɗe wa irin waɗannan shirye-shirye wuri a manhajarsa, a 2014 kuma wani shirin Amurka mai suna Serial, wanda ya bi diddigin wata shari'ar kisan kai mako bayan mako, ya sa duniya ta waiwayo. Manhajar Spotify ta iso Nijar da Najeriya a watan Fabrairun 2021. Google ya rufe tasa manhajar ta fodkas a 2024, ya tura masu saurare zuwa YouTube Music.

Sai dai maganar gaskiya, a ƙauyukan Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, kaɗan ne ke shiga waɗannan manhajoji. Hanyar da shiri ke bi ya iso ita ce WhatsApp, Facebook, YouTube, TikTok, sai kuma katin memori da masu tura waƙa a kasuwa ke cikawa, da Xender ko Bluetooth daga waya zuwa waya. Abin ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Dattawa sun san zamanin da ɗan bida zai naɗo gaisuwa da saƙo a kaset daga Abijan ko Kumasi, a tara gida a saurara, a naɗa amsa a mayar. Kaset ɗin wa'azi da na tafsiri haka suka yi ta yawo hannu da hannu. Sunan ne sabo, da saurin tafiyar.

Jadawali ya tafi, mai turawa ya zo

Ga inda babban canjin yake. A gidan rediyo, kafin magana ta fita, akwai wanda ya rubuta, akwai shugaban sashen labarai da ya duba, akwai daraktan da za a kira idan an yi kuskure. Mai saurare ya san tashar, ya san muryar, ya san ƙarfe nawa ake yin shirin. Wannan tsari yana da nasa aibi, amma aƙalla akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

A duniyar fodkas, abu biyu ne ke kawo maka shiri. Na farko na'urar kamfani ce. YouTube da Facebook da TikTok suna lura da abin da ka daɗe kana kallo, sai su ƙaro maka irinsa, domin ribarsu tana cikin daɗewarka a kan waya. Na'urar ba ta tambayar ko maganar gaskiya ce. Abin da take aunawa shi ne ko ta riƙe ka. Shi ya sa wanda ya saurari faɗan malamai sau biyu zai wayi gari wayarsa cike da raddi, wanda ya tsaya kan jita-jitar siyasa kuma a yi ta jero masa masu ihu.

Na biyu mutum ne: wa, ƙane, aboki, ɗan fada, abokiyar adashi. A ƙauye wannan hanya ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, saboda wanda bai iya karatun boko ba ba zai rubuta sunan shiri ya nema ba, amma zai danna abin da ɗansa ya turo masa daga Legas, Kwatano, Tamanrasat ko Sabha. Shi ɗan ci-ranin ya fi samun rezo mai ƙarfi, wani lokaci da wifi a wurin aiki, ga kewar gida da ke sa shi neman duk abin da aka faɗa da Hausa. Sau da yawa ma shi ya aiko da wayar, shi ke turo kuɗin forfe ta Nita ko Amana. Ashe ke nan, ba tare da ya sani ba, ya zama daraktan shirye-shirye na gidansu. Abin da ya zaɓa shi tsoho zai ji, shi za a tattauna a gindin bishiya bayan la'asar, kuma za a yarda da shi ne saboda darajar wanda ya aiko.

Wannan amana ce, kuma ita ce zuciyar maganar. Da can ana cewa "rediyo ta faɗa". Yanzu ana cewa "yaron wane ne ya turo".

Abin da ke akwai da Hausa

Mai neman abin kirki ba zai rasa ba, in ya san inda zai duba. A cikin gida, Studio Kalangou da ke Yamai, wanda gidauniyar Hirondelle ta ƙasar Suwizalan ta kafa a 2016, yana shirya labarai da muhawara cikin Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek da Faransanci, waɗanda gidajen rediyo abokan hulɗa ke watsawa, kuma yana ajiye su a shafinsa don wanda bai samu ji ba. Amfaninsa shi ne maganar Nijar yake yi, da muryoyin mutanen jihohi. Ga manoma da masu lambu kuwa, ƙungiyar RECA, wadda ta haɗa majalisun manoma na jihohin ƙasar, ta daɗe tana fitar da bayanan murya da harsunan gida kan ƙwarin shuka, magungunan feshi da dabarun noman rani, tana kuma amsa tambayoyi ta waya da WhatsApp. Wanda mahaifinsa ke noman albasa a yankin Galmi ko tattasai a Diffa, irin wannan ya fi cancanta ya tura masa fiye da hirar ƴan fim.

Daga Najeriya, jaridar Aminiya tana da fodkas guda biyu da suka kafu: Najeriya a Yau, mai ɗaukar batu guda na yau da kullum ya warware shi cikin ɗan lokaci, da Daga Laraba mai fitowa mako-mako kan al'amuran rayuwa. Ga mutanen bakin iyaka, daga Birnin Ƙonni zuwa Ɗan Isa da Magarya, abin da ya shafi darajar naira, farashin mai ko kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano labarin gida ne, don haka waɗannan shirye-shirye suna da amfani ko ga wanda bai taɓa tsallaka iyaka ba.

DW Hausa tana ajiye shirye-shiryenta a intanet, ciki har da Ji Ka Ƙaru mai koyarwa ta hanyar wasan kwaikwayo, da Abu Namu na mata, da Amsoshin Takardunku. Ƴan uwa da ke ƙetare suna ci gaba da bin shirye-shiryen BBC Hausa irin su Ra'ayi Riga, Gane Mini Hanya da Lafiya Zinariya, da na RFI Hausa irin su Muhallinka Rayuwarka da Kasuwa A Kai Miki Dole. TRT Afrika ta Turkiyya ta shigo fagen a 2023. Sai kuma shirye-shiryen hira na YouTube, kamar na Hadiza Gabon da ke zama da ƴan Kannywood, waɗanda mutane da yawa ke kunnawa su ajiye waya a aljihu suna ji kamar rediyo.

Abin lura a nan: kusan kowace tashar waje gwamnatin wata ƙasa ce ko jama'arta ke biyan kuɗinta, kuma kowace tana da tagar da take leƙen duniya ta ciki. Wannan bai hana a amfana da ita ba. Abin da ya kamata shi ne mai saurare ya san mai magana da wanda ke ciyar da shi, ya kuma ji labari guda daga baki biyu kafin ya ɗauka ya kai gaba.

Lissafin mega da na caji

Shawara mai kyau tana duba aljihun wanda aka ba. Shirin murya zalla na minti 30 yakan ci tsakanin mega 15 zuwa 30, gwargwadon yadda aka matse shi. Wannan shirin dai idan da hoto ne, ya ninka haka sau da yawa. To wanda ke zaune a Faransa ko Saudiyya yana tura bidiyon awa biyu zuwa ƙauyen da rezo ke zuwa yana ɗaukewa, ya sani forfe ɗin mako guda ya tura a cinye, wataƙila ma bidiyon ya tsaya a rabi.

Ga kuma caji. Ƙauyuka da yawa ba su da wutar Nigelec, sai a kai waya wurin mai sola a biya. Ko a birane, mutane ba su manta da watannin da suka biyo bayan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse layin wutar da ke shigowa ƙasar, har zuwa Maris na 2024. Allon waya shi ya fi shan batir. Murya zalla tana tafiya ko allo a kashe. A nan fodkas na gaskiya ya fi bidiyo dacewa da mu: mai noma zai rataya waya a wuya yana huɗa, mai daka tana ji tana aikinta, direban da ya taso daga Maraɗi zuwa Yamai zai sauko da kashi uku tun a tasha ya ji su a hanya ba tare da rezo ba.

Saboda haka mai turawa ya nemi na murya idan akwai, ya zaɓi gajere, ya kuma tura a lokacin da ya san za a iya saukewa. Wanda ya samu ya sauke sau ɗaya, sauran mutanen gida su karɓa ta Xender ba tare da an sake kashe ko dala ba.

Muryar da ba ta da suna

Haɗarin da ya fi girma shi ne guntun murya marar kai marar gindi: babu sunan mai magana, babu ranar da aka naɗa, babu gidan da ya fitar. Sai ka ji wani yana rantsuwa cewa an kai hari wani gari, ko an rufe iyaka, ko wani magani na warkar da ciwon suga cikin kwana bakwai, ko kuma a hana yara rigakafi. Wani lokaci maganar ta faru da gaske, amma shekaru uku da suka wuce, ko a wata ƙasa. Wani lokaci an yanko minti ɗaya ne daga hirar awa guda, aka yar da abin da ya gabata da abin da ya biyo baya. Yanzu kuma ga na'urorin da ke kwaikwayon muryar mutum, su sa shi faɗin abin da bai taɓa faɗa ba.

Kamfanin WhatsApp da kansa ya san da matsalar. Tun 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda, a 2020 kuma ya mayar da saƙon da ya riga ya yi yawo da yawa zuwa wuri ɗaya tak, yana sa masa alamar kibiya biyu. Duk wanda ya ga wannan alama ya san abin ya bi hannaye da dama kafin ya iso gare shi.

Akwai kuma doka. Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019. A 2022 an cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi, amma a watan Yunin 2024 hukumomi suka maido da shi: shekara 1 zuwa 3 kan ɓata suna ko zagi ta hanyar sadarwar zamani, shekara 2 zuwa 5 kan yaɗa abin da ka iya tada hankalin jama'a, ban da tara ta miliyoyin sefa. Ƙungiyoyin kare ƴan jarida sun soki wannan gyara, suna ganin zai iya tsorata masu faɗin ra'ayi. Hukumomi kuma suka ce tsaron ƙasa da mutuncin jama'a suke karewa. Ko wane ɓangare mutum ya bi, abu ɗaya a fili yake: wanda ke waje ya tura, amma wanda ke gida ne doka za ta iya isa gare shi idan ya watsa a guruf ɗin gari. Ɗan uwa na ƙwarai ba ya jefa tsohonsa cikin abin da shi kansa ba zai tsaya ya amsa ba.

Kafin a ce wa wani "saurari wannan", tambayoyi huɗu sun isa. Wa ke magana, kuma da sunansa na gaskiya yake yi? Yaushe aka naɗa? Ni kaina na saurara har ƙarshe, ko kanun ne kawai ya burge ni? Me zai ƙara wa wanda zan tura wa? Idan shirin ya tsallake waɗannan, a haɗa shi da ɗan saƙon murya na gabatarwa: ga sunan shirin, ga gidan da ya yi shi, ga ranar, ga dalilin da ya sa na turo maka. Daƙiƙa ashirin ne, amma sun maye gurbin aikin da mai gabatarwa ke yi a rediyo.

Giɓin da ya rage: muryar gida

Duk wanda ya zagaya fodkas na Hausa zai lura da abu guda: yawancinsu daga Kano, Kaduna da Abuja suke fitowa, ko daga manyan biranen Turai. Hausar Ader da ta Gobir, ta Arewa da ta Damagaram ba su cika fitowa ba, haka ma damuwar mutanensu: farashin tiyar hatsi a kasuwar mako, rikicin burtali tsakanin manomi da makiyayi, kuɗin taki, ƙaurar yara daga lakwal lokacin ci-rani, zazzaɓin cizon sauro a tsakiyar damina. Ga shi kuwa kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar ranar 26 ga Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Harshen da aka ɗaga haka a takarda ya kamata a same shi a inda matasa ke kai kunnensu.

Abin mamaki, kayan suna nan. Tun da aka buɗe rediyon al'umma ta farko a Bankilare a 1999, irin waɗannan gidaje sun bazu a faɗin ƙasa, kuma kullum suna hira da sarakunan noma, ungozomomi, malaman lafiya, maroƙa da tsofaffin da suka san tarihin gari. Sai dai shirin yana fita sau ɗaya, ya tsaya inda ƙarfin eriya ya tsaya, ya ɓace. Ɗan garin da ke Kumasi ko Tarabulus, wanda ya fi kowa ƙishirwar jin muryar gida, ba ya samu. Naɗa shirin, rage nauyinsa, sa masa suna da kwanan wata, a ajiye shi inda za a same shi, ba ya buƙatar fiye da kwamfuta guda da mutum mai haƙuri. Tun Satumban 2023 WhatsApp ya buɗe tsarin tashoshi da ke ba gida guda damar aika wa dubban mutane saƙo ba tare da kowa ya ga lambar wani ba. Tarihin kokowar gargajiya kaɗai, tun gasar ƙasa ta farko da aka yi a Tawa a 1975, ya isa a yi kashi hamsin ba a maimaita ba, kuma da yawa daga waɗanda suka ga abin da idonsu tsufa ya kama su.

Matsalar ita ce kuɗi da ma'aikata, domin yawancin gidajen rediyon al'umma da ƴan sa-kai suke tafiya, da kuɗin sanarwar biki da gaisuwa. A nan ƙungiyoyin ƴan gari mazauna waje, waɗanda suka saba haɗa kuɗi don gina masallaci ko gyara famfo, suna iya sa hannu: na'urar naɗar murya, faifan sola, forfe ɗin wata.

Mun taɓa yin irinsa

Nijar tana da tarihin da za ta koma gare shi. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraren rediyo, inda mai jagora, galibi malamin makaranta, zai tara mutanen gari su saurari shiri tare, su tattauna, ya naɗi ra'ayoyinsu a mayar Yamai a watsa. Hikimar ita ce ba a barin mutum shi kaɗai da abin da ya ji. Fadojin matasa da suka yaɗu daga Damagaram a shekarun 1990, da guruf-guruf na mata masu adashi, suna iya ɗaukar wannan aiki a yau: waya guda, ƙaramar lasifika, shiri guda a mako, sannan a buɗe baki. A cikin mutum goma ba a rasa wanda zai ce "wannan maganar tsohuwa ce, bara na ji ta", ko "bari mu tambayi malamin asibiti kafin mu yarda".

Don haka, ƴan uwa na gida da na waje, gano sabon shiri abu ne mai daɗi, raba shi da wanda kake so kuma zumunci ne. A dai riƙa tura mai suna da kwanan wata, mai sauƙin nauyi, wanda aka saurara har ƙarshe. Wanda ya samu shiri mai amfani kan noma, kiwo, lafiya ko tarihi, ya sanar da gidan rediyon garinsu don a duba a faɗa wa jama'a. Allah ya sa mu ji alheri, mu isar da alheri.